Durƙuson Malam Tukur

Tun da aka ɗaura wa kowa awarwaron motsa jiki, mahauci ba ya sayar wa mutum nama sai awarwaronsa ya nuna kore. Wanda nasa ya kwana uku yana ja, farar mota ce ke zuwa ɗaukarsa.

Yau kwana biyu ke nan awarwaron Malam Tukur yana ja. Tsohon ya taka har kasuwa, ya jiƙe sharkaf da gumi, amma Sale mahauci ya girgiza kai.

"Baba, tafiya kaɗai ba ta wadatarwa. Sai an lanƙwasa gwiwa sau talatin a rana, ban da na salla."

"To ku ya kuke cikawa?"

Sale ya sosa ƙeya. "Ai ku muke gaisarwa, Baba."

Sai yanzu Malam Tukur ya gane abin da ya sa samarin unguwa ke durƙusa masa sau uku-uku. Shi kuwa har yabon tarbiyyarsu yake yi a ƙofar masallaci. Ga shi duk unguwar ba wanda ya girme shi, balle ya durƙusa masa.

Ya koma gida ya tarar da matarsa tana tankaɗe. Ya dafa bango, ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ina wuni, Ladidi."

Ta dube shi, ta dubi hannunsa. Ta ajiye rariya, ta gyara zama.

"Lafiya lau, Malam. Shekara arba'in ina jiran wannan gaisuwa. Saura ashirin da tara, kuma kada ka yi sauri."