Ɗakin da Magini Ya Ɗora a Kan Hanyar Ruwa

Masu cewa in mai haƙƙi ba shi da baki an ci bulus, ga misali.

A wata tsohuwar unguwa akwai kududdufin da aka haƙa tun zamanin gina ganuwa. Ta gabas ruwan damina yake shiga, ta yamma yake fita ya bi magudana zuwa bayan gari. Da aka daina kula da shi, leda da toka suka cinye shi, sai wani magini ya lallaba ya cike bakin yamma da ɓaraguzai, ya ɗora ɗaki a kai, har da shuɗin fenti. Shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan. Ranar da 'yan unguwa suka kira gayyar yashe kududdufin, shi ya fara fitowa da shebur, kuma shi aka ba jagorancin aikin. Maza na haƙa, mata na kwashe laka, shi kuwa yana zagayawa hannu a baya. Duk wanda ya doshi yamma da diga, sai ya yi gyaran murya ya ɗaga haɓa: "A'a, a'a, samari, nan ai tudu ne tun kaka da kakanni. Ku yi gabas." Wata tsohuwa mai kawo wa ma'aikata kunu ta ce ita dai a nan yamma ta wanke ƙwarya a bakin ruwa da ƙuruciya, kuma a iya saninta ba a buɗe wa kududdufi mashiga sai an fara buɗe masa mafita. Magini ya ce, Iya, kunun nan naki ya yi tsami. Aka yi dariya, aka yi gabas.

Ruwan farko ya sauka, kududdufi ya cika fal, ya kwanta shiru, ko kwaɗo ɗaya ba ya kuka a cikinsa. Kwaɗin a ƙarƙashin ɗakin magini suke kuka, da rana tsaka. Sai wani layin danshi ya fito a daɓen ɗakin, daidai faɗin magudana, daga bangon gabas zuwa na yamma, ya ratsa ta ƙasan gadonsa. Ya goge, danshin ya dawo. Ya sake zuba siminti, layin ya fito a kan sabon simintin tun bai gama bushewa ba. Ran nan ya shimfiɗa darduma zai yi la'asar. Da ya kai goshinsa ƙasa, sai ya ji ruwa yana tafiya a ƙarƙashi, a hankali, yana laluben bango kamar mai neman ƙofa. Ya fito ko takalmi babu. Yana tsaye a tsakar gida, sama tarwai ba hadari, ɗakin ya durƙusa a gabansa. Ruwa ya bi ta tsakiyarsa ya kama tsohuwar hanyarsa, bai jiƙa ko dokin ƙofar maƙwabci ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.