Gayyar Wuta-wuta

Da gudu wani ɗalibi ya sauko daga motar Kano: jami'ar Ingila ta ɗauke shi karatun dakta! Sharaɗinsu ɗaya, ya taho da irin wuta-wuta, ciyawar da ke kashe dawa, don bincikensa. Da ma ya bar ta ta nuna a gonarsu ta Kibiya.

Labari ya riga shi isa. Ya tarar da gonar fes, hayaƙi na tashi.

"Gayya muka yi!" in ji babansa, baki har kunne. "Mai zuwa Ingila, gonarsu da wannan abin kunya?"

Ɗan ya dafe kai, ya yi bayani.

Can Sarkin Noma, mai rantsuwa kullum gonarsa ba ko tsinken wuta-wuta, ya yi gyaran murya.

"Ɗauko buhu, ɗana. Babba."