Jakar da Mama ke ɗora wa hannu

Ina aji shida a Kafanchan lokacin da yayata Ladi ta samu aikin raba abinci a jirgin sama. Kamfanin sabo ne, jirginsa ɗaya tak, daga Kaduna zuwa Legas. Har a coci ana cewa ba zai ga Kirsimeti ba.

Wata Asabar da yamma Mama tana shanya citta, sai ga hedimastanmu, Malam Bitrus, ya zo duba katin baftismata don cike takardar jarrabawa. Mama ta fito da wata farar jakar takarda mai hoton shuɗin tsuntsu. Ladi ce ta aiko da alewa a ciki, Mama kuma ta mayar da ita ma'ajiyar takardunmu.

Malam ya jujjuya ta, dariya ta ƙwace masa. "Maman Ladi, ai wannan jakar amai ce! Wanda jirgi ya juya wa ciki ake ba."

Na ji kamar in nutse. Mama ta karɓi abinta, ta miƙar da lanƙwasar da yatsunta masu ƙanshin citta.

"Malam, ko ta mece ce, ta hau sama ta sauko lafiya. Kullum da safe nakan ɗora mata hannu in ce, Ubangiji, haka ma Ladi."

Malam ya duba katin, ya miƙa mata da hannu biyu.

Yau jiragen kamfanin har ƙasashen waje suke zuwa. Mama ta rasu ba ta taɓa hawa ba. Ni jirgi yana juya mini ciki ƙwarai, amma ban taɓa iya buɗe jakar aman da ke gaban kujerata ba. Hannu nake ɗora mata har mu sauka.