A Tsayar da Inji

Ranar da Manaja ya kori Baba Mai-inji, da gangan ya bar ƙofar ofis a buɗe don kowa ya ji.

Ba wani abu ya ɗora Manajan nan a kujerar kula da bugun mujalla ba illa yayarsa da ke auren mai kamfanin. Takardar bango da ta ciki ma sai an nuna masa bambancinsu, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ƙera inji. A bayan idonsa Ɗan-gyara ma'aikata ke kiransa, don bai taɓa sakin aiki ba. An gama tsari, an tura maɗaba'a, sai ya bugo waya wai akwai ɗan gyara. In mujalla ta makara kuma, laifin mai bugu ne.

Shekara da shekaru Baba na buga musu, amma Manaja bai taɓa taka maɗaba'arsa ba, wai warin tawada na sa masa ciwon kai. Sai dai tsohon ya rungumo samfurin bugu, ya hau bene, ya yi ta tsayuwa har a ga damar dubawa.

"Baba, zamani ya wuce ka," in ji Manaja. "Ka je ka riƙa buga katin biki, shi ne daidai da kai."

Baba ya naɗe takardunsa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sauka.

Sabon mai bugun da Manaja ya samo ɗan gayu ne, kullum cikin kwat. Ofishinsa gilashi ko'ina, sanyi kamar cikin firji, ga hoton wani inji mai tsawon tirela a bango. Da Manaja ya tambayi inda injin yake, Mai-kwat ya ce yana can masana'anta, inda ko ƙura ba a bari ta shiga, balle baƙo. Manaja ya ji daɗin amsar nan ƙwarai. Ko da ya lura duk tambayar da ya yi sai Mai-kwat ya fita da waya ya tuntuɓi injiniyoyinsa, sai ya ce ai haka manyan kamfanoni suke.

Da fitowar farko ta iso, tebur-tebur ya bi da ita. "Ku shafa ku ji! Wannan shi ne bugu, ba jagwalgwalon tsoho ba." Ita ma ta makara, amma wannan karon sunan latti tsanaki.

Sai ga fitowa ta musamman. Kamfanin man girkin da ya goya mujallar a bayansa ya sayi shafi guda cur na talla. Mai mujalla ya kira Manaja ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in tallan nan ya sami matsala, ko yayarsa ba za ta cece shi ba.

"Haba Yaya, ai yanzu muna hannun ƙwararru."

Bayan kowa ya duba an rufe aiki, Ɗan-gyara ya tuna da hotonsa yana karɓar lambar yabo. Ya sa aka cire wani ɗan talla daga can ƙarshe, aka cusa hoton a gaba. Duk shafukan suka matsa da ɗaya. Ya amince ta waya, ko buɗewa bai yi ba.

Ranar Asabar da hantsi yana kishingiɗe a falo, ya buɗe aikin a wayarsa don ya sha kallon kansa. Ya wuce gaba kaɗan, sai ya miƙe zumbur. Ga tallan man girki a dama, uwa na murmushi da galan a hannu. A hagu, ido da ido da ita, ga rahoton gurɓataccen man girki da ya kwantar da mutane a asibiti, har da hoton gado da ledar ƙarin ruwa.

Wayar Mai-kwat a kashe. Ofishin gilashi da kwaɗo. Allah ya taimake shi ya tarar da direban Mai-kwat yana tayar da mota zai je ɗauko kaya. Manaja ya faɗa ciki ba sallama, da takalmin wanka a ƙafa.

Motar ta kutsa wani lungu tsakanin masu walda da teloli, ta tsaya a wata ƙofar baya ta kwano. Manaja bai tsaya mamaki ba, ya banka ciki. Ƙara kamar ta fasa kunne, warin tawada ya cika wurin, amma yau kai bai yi ciwo ba. Mata na zaune a dogon tebur suna naɗe shafuka. Ya fizgi ɗaya ya buɗe: uwa da galan, gado da ƙarin ruwa. Tarin farar takarda na nan ba a taɓa ba tukuna, in aka tsaya yanzu za a iya ceto aikin.

"A tsayar da inji! Ni ne manaja!"

Ko ɗago kai babu wanda ya yi. Wata cikin matan ta nuna masa bayan injin da baki, ta ce sai mai gida ya ce.

Manajan da bai taɓa cewa mai bugu zauna ba ya durƙusa a kan tarkacen takarda, gwiwa biyu. "Yallaɓai injiniya, don girman Allah! Abincina ne zai tafi."

Murya ta fito daga bayan inji, a natse. "Wanda ya kawo aiki shi ke tsayar da aiki. Da mai kwat na yi magana, ba da kai ba."

Mai muryar ya zagayo yana goge hannu da tsumma, injin na ci gaba da aman shafuka a bayansa. Baba ne, wanda tun ranar da aka kore shi ko fitowa ɗaya ta mujallar ba a buga a wani wuri ba sai a injinsa.