Ba Mai Sa Mini Rana

Ya miƙo mini hannu, mai hoto ya durƙusa yana saita kyamara, ni kuwa na harɗe hannuwana a ƙirji.

"Haba baiwar Allah," in ji shugaban kwamitin sulhu, "kowa ya yafe, saura ke."

"Ranka ya daɗe, yafiyar tawa ce ko ta kwamiti?"

Mutumin da ya kashe ƙanena ranar da aka ƙone layinmu ya sauke hannunsa, yana kallon takalmi. Bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba.

"Zuciyarta dutse ce," wata ta raɗa. Na ji ta sarai. Na ɗauki jakata na fice, ina da aiki.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun da aka tafi da shi nake jiyo tsohuwarsa tana kiran ruwa, ba mai amsawa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, kuma duk masu yafiyar nan ba wanda ya taɓa leƙa ta. Kullum ni ke mata wanka.

Na sirka ruwa, na jingina ta da filo.

"'Yar nan, kin yafe masa?" ta tambaya, bakinta a karkace.

"Ban yafe ba, Inna. Wataƙila gobe, wataƙila sai a kabari. Ba mai sa mini rana." Na matse tsumma. "Kawo hannun."

Ba ta iya ɗaga shi. Sai na miƙa nawa, na kama.