Hutun Mako Uku

Kwalin ayaba yana hannuna na ji ɗumin jini ya gangaro cinyata. Na sauke shi a hankali. Rumfar da muke shirya ayaba ta yi tsit kamar an nutsar da ita a kwamin wanki, matan layin aikinmu suna shawagi nesa-nesa kamar kifaye.

Likita a garin Machala ta rubuta mini kwanciyar mako uku, ban da ɗaukar nauyi. Cikin da nake ɗauke da shi yana nan, sai dai bai zauna da ƙarfi ba. Na ɓoye shi tun farko, don mai ciki ba a cika sabunta mata kwantiragi ba, ga 'yata mai shekara biyu a gida.

Washegari na miƙa wa shugabar layi takardar.

"Yaya, ki yi haƙuri, ban gaya miki ba..."

"Ke tafi can! Kullum kina amai bayan famfo, kin ɗauka makafi ne mu?"

Ta ja ni bayan ginshiƙin da nake tsayawa. A gonar da muke aiki kowane mako da launin zaren da ake ɗaura wa sabon nonon ayaba, don a san lokacin yankansa. Ga zare shida a jikin ƙusa, kala-kala, iska na kaɗa su.

"Tun amanki na farko muke ɗaurawa," in ji ta. "Mu nan ba ma yankan ɗanye. Je ki kwanta, gurbinki yana nan. Ni zan ɗaura na bakwai."