Taswirar Kan Barau

Tun da aka kafa dokar makoki, kwana uku ake ba ma'aikaci ya yi kuka. A rana ta huɗu ya je a rufe masa baƙin cikin, ko a ba wani aikinsa.

Barau direban jirgin ƙasa ya isa asibiti washegarin sadakar ukun matarsa, Tabawa. Malamar asibitin ta haska taswirar ƙwaƙwalwarsa a bango, ɗige-ɗige kala bakwai.

"Baba, ƙofofin sirotonin ɗinka ke nan, sinadarin da ke juya farin ciki da baƙin ciki. Jajayen nan na tsakiya za mu taɓa da allura."

"Na gefen nan fa, 'yata? Ai su ma jajaye ne."

"Nan tunawa take. Allura ba ta zaɓe, duk ƙofa mai kama shiga take yi."

"Me zan rasa?"

"Yawanci muryar mamacin ce kawai. Fuska tana zama."

Barau ya tuna bakuna biyar da ke jiran ya ciyar da su a gida. Ya naɗe hannun riga.

Da la'asar autarsa ta kawo masa ruwa, ta ce "Sannu, Malam," tana jan muryar yadda uwarta take yi, idonta cike da hawaye.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke kuma wa kike kwaikwaya?"